Kamun da Ba Ya Zafi

Akwai wani mai walda da kowa ke kira Filaya, kuma ba a banza sunan ya bi shi ba. Idan ya damƙi abu da yatsunsa, sai in shi ya ga dama ya saki. Da rana yana shagonsa cikin ƙarafa da tartsatsin wuta. Da yamma kuma sai ya wanke hannu ya hau wani bene a saman shagon sayar da tayoyi, inda yake koyar da kokawa.

Kokawar irin ta zamani ce da ake yi a kan katifun roba, wadda masu ita ke kira jujitsu. A ƙasa ake gama magana. Ko dai ka shaƙe abokin karawarka, ko ka lanƙwasa masa hannu, har sai ya sallama. Sallamawar ita ce ya buga tafin hannunsa sau biyu ko uku a jikinka ko a kan katifa. Da ya buga, dole ka saki nan take.

Ana yin ta iri biyu. Akwai ta riga, inda kowa ke saka farar riga mai kauri da wando, ya ɗaura ɗamara. A nan rigar ce makami. Ka kama kwalar mutum, ka kama hannun rigarsa, ka ɗaure shi da kayan jikinsa, a hankali a hankali har numfashi ya gagare shi.

Akwai kuma wadda ba riga, sai gajeren wando da 'yar riga mai manne wa jiki. A nan babu abin kamawa. Gumi ya sa jiki santsi, komai da sauri ake yi, sai dai ka riƙe wuya, ko wuyan hannu, ko ƙafa.

Filaya ɗan riga ne gaba da baya. Shekara goma sha shida ya yi yana kama kwala, har gaɓoɓin yatsunsa suka kumbura suka karkace, kullum a naɗe da filasta. Baƙar ɗamara ce a ƙugunsa, wato ya kai matakin malamai. Gaskiya ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Matsalarsa ɗaya ce, ya ɗauka abin da ya iya shi ne duka abin da ake iyawa.

Kuma yana da wata doka da yake cusa wa ɗalibansa tun ranar farko.

"Kada ka buga don tsoro," haka yake cewa. "In za ka buga, buga don zafi. Jikinka zai faɗa maka in lokaci ya yi."

A cikin riga dokar ba ta cika cutar da kowa ba. Shaƙewa tana ba ka labari kafin ta gama da kai, idonka zai fara yin duhu. Lanƙwasa hannu ma haka, gwiwar hannun za ta yi zogi tun kafin wani abu ya lalace. Shi ya sa shekara da shekaru babu wanda ya ƙaryata shi.

Babu wanda ya haddace wannan doka kamar ƙaninsa, Auta. Tun rasuwar mahaifinsu Filaya ne ya riƙe shi, shi ya kai shi makaranta, shi ya fara ɗaura masa ɗamara. In Filaya ya ce bango fari ne, Auta ba zai juya ya duba ba.

Burin Auta ɗaya ne a duniya, ya shiga aikin kwana-kwana, masu kashe gobara. Sau biyu ya nema yana faɗuwa a jarrabawar takarda. A karo na uku ya ci, saura gwajin ƙarfin jiki: gudu, da hawa tsani da tiyo a kafaɗa. Kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe, don baɗi shekarunsa sun wuce waɗanda ake ɗauka.

Filaya da kansa ya haɗa masa dogon tsani na ƙarfe, ya kafa shi a tsakar gida jikin bango. Kowace safiya Auta zai saɓa tsohuwar taya a kafaɗa ya hau ya sauka sau talatin, mahaifiyarsu Umma na zaune a ƙofar kicin tana ƙirga masa, tana ƙara masa biyu in ta ga ya fara cika baki.

A benen nan kuwa, ranar Asabar da safe wani mutum ne ke koyar da kokawar da ba riga. Direban bas ɗin makaranta ne, kowa Direba yake ce masa. Mutum ne marar hayaniya, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Filaya bai taɓa taka ajinsa ba. Tarwaɗa yake kiransu, shi da ɗalibansa.

"Wannan ai ba kokawa ba ce," in ji shi. "Wanka ne ba sabulu. Mutum ya tuɓe ya shafe jikinsa da gumi yana zillewa, ya ce wai ya iya faɗa."

Ɗalibai su kwashe da dariya, Auta ya fi kowa.

Wata rana da yamma Direba ya hawo benen ɗaukar jakarsa da ya manta, ya tarar an tashi, Filaya na naɗe ɗamara. Ya tsaya suka gaisa.

"Malam Filaya, na ji za ku je gasar ƙarshen wata."

"Za mu je. Ko kana so mu riƙe maka tawul?"

Direba ya yi murmushi. "A'a. Cewa zan yi, in akwai yaranka da za su shiga ɓangarenmu, ka turo min su ko Asabar ɗaya ce. Akwai kamun diddige da ake yi a wurinmu, ku a riga an hana shi, don haka ba su san shi ba. Ba don su iya yi ba, don dai su gane shi in an yi musu."

"Ƙafa?" Filaya ya taɓe baki. "Wanda ya kasa kai wa wuya shi ke bin ƙafa. Na gode, Malam Tarwaɗa."

Direba ya juya. Ya rataya jakarsa ya sauka, yana bin matakalar ɗaya bayan ɗaya.

Gasar ta faɗo saura kwana goma sha biyu gwajin Auta. Da safen ranar Umma ta tare Filaya a tsakar gida, a gindin tsanin.

"Babba, ni dai hankalina bai kwanta da tafiyar nan ba. Ka bar yaron nan ya gama da gwajinsa tukuna. Kokawar ai ba guduwa za ta yi ba."

"Umma, ta riga ce kawai zai yi, abin da ya saba tun yana yaro. Karawa uku ce mu dawo."

"Ka tabbata?"

"Yadda na ɗauke shi haka zan dawo miki da shi. Ina tsaye a wurin me zai same shi?"

Ta dube shi ta dubi Auta, wanda ke ta washe baki da jaka a kafaɗa. Ta ce Allah ya tsare, ta koma ɗaki.

A wani babban ɗakin wasanni na makaranta aka yi gasar. Fankoki na juyawa a sama amma zafin bai san ana yi ba. Da safe aka yi ta riga, kuma Auta ya yi abin da aka koya masa. Mutum uku ya kara da su, duka ukun da kwalar rigarsu ya shaƙe su. Aka rataya masa lambar yabo a wuya kafin azahar.

Da a ce sun ɗauki jakarsu a lokacin, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Suna zaune suna shan ruwa, sai wani daga cikin masu jiran gasar yamma ya wuce da abokinsa, ya ce, ba ma da su yake ba, "'Yan riga ai in ka cire musu rigar shi ke nan, an kwance musu kaya."

Maganar ba ta fi haka ba. Amma ta shiga kunnen Filaya ta zauna. Ya ajiye gorar ruwan ya miƙe, ya nufi teburin masu rajista. Da ya dawo, sai ya jefa wa Auta gajeren wando.

"Tuɓe rigar. Na saka sunanka a ta yamma."

Auta ya kalli wandon. "Yaya, ban taɓa yin ta ba fa. Kuma ka ce wa Umma..."

"Wanda ya iya da riga ya iya ba riga. Su ne ba za su iya tamu ba. Ko tsoro kake ji?"

"A'a."

"To tashi."

Direba na wurin da nasa ɗaliban. Da ya ga sunan a jikin allo, sai ya ratso mutane da ɗingishinsa ya ja Filaya gefe. Wannan karon babu murmushi a fuskarsa.

"Malam, don Allah ka cire shi. A wannan rukunin an yarda da murɗa diddige, kuma wanda zai kara da shi abin da ya fi iyawa ke nan."

"Ɗalibinka ne?"

"Ba nawa ba ne. Da nawa ne da na hana shi. To in ba za ka cire shi ba, ba ni shi minti goma a bayan ɗakin nan. Abu ɗaya zan nuna masa. In aka kama diddigensa ya buga kawai, kada ya jira komai. Kamun nan ba ya zafi. Diddige ake murɗawa, amma gwiwa ce ke tsinkewa, kuma ba ta faɗa maka sai ta gama."

Ya ɗan ɗaga ƙafar wandonsa ta hagu. Wani dogon tabon ɗinki ne ya bi ta kan gwiwar.

Filaya ya kalli tabon, ya kalli mutanen da ke kallonsu. Abin da ya gani kawai shi ne malamin tarwaɗa zai koya wa ƙaninsa sallamawa a gaban jama'a.

"Ka je ka koya wa naka tsoro," ya ce. "Nawa ba a haka na rene shi ba."

Aka kira sunan Auta.

Abokin karawar wani siriri ne, ba ka ce zai iya ɗaga bokitin ruwa ba. Da aka ba da izini, Auta ya kai hannu ƙirjinsa don ya kama kwala, kamar yadda hannun ya saba shekara goma. Babu kwala. Yatsunsa suka zame a kan rigar mai santsi. Ya sake kai hannu wajen hannun riga, nan ma babu. Filaya na gefe yana ganin hannayen ƙaninsa suna lalube a iska.

Duk da haka ƙarfi ya yi aikinsa. Auta ya ture siririn ya faɗi da baya, ya tsaya a kansa. Filaya ya tafa. A lissafin riga, wanda ke sama shi ke da wasa.

Shi kuwa siririn abin da yake jira ke nan. Daga kwancen ya naɗe ƙafar Auta ta dama da nasa ƙafafun biyu, ya ja shi ya zauna daɓas. Ya cusa yatsun ƙafar a hammatarsa, ya saƙalo diddigen da damtsensa. Sai ya tsaya.

A yi masa adalci, ya tsaya. Ya ɗago kai ya dubi Auta, ya ce da shi a hankali, "Buga, ɗan'uwa. Na kama."

Auta ya ɗaga tafin hannunsa. Ya riƙe shi a sama, bai sauke ba. Sai ya waiwayo ya nemi fuskar yayansa.

"Akwai zafi?" Filaya ya ɗaga murya.

Auta ya girgiza kai.

"To kada ka buga. Bai kama komai ba. Juya ka fizge ƙafarka!"

Auta ya sauke hannun, ba a jikin siririn ba, a bayansa, ya dogara da shi. Ya tattara duk ƙarfin da ya tara a kan tsanin nan, ya juya ya fizga. Diddigen na hannun mutum, bai biyo shi ba. Gwiwar ce ta juya.

An ji ƙarar har teburin masu rajista, kamar an karya ɗanyen rake. Siririn ya saki ya ja da baya da hannu biyu a ka. Ɗakin ya yi tsit, sai fankoki. Auta bai yi kuka nan take ba. Kallon ƙafarsa ya tsaya yi, yadda ta kwanta a karkace kamar ba tasa ba. Sai daga baya ihun ya zo.

Direba ne ya fara isa wurinsa. Shi ya hana a ja ƙafar, shi ya sa aka ɗaure ta da katako, kuma a bas ɗinsa aka kai Auta asibiti. Duk tsawon hanyar bai ce wa Filaya ko kalma ɗaya ba, kuma Filaya ya gwammace da zaginsa ya yi.

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ya nuna da biro. Jijiyoyi uku ne suka tsinke a cikin gwiwar. Za a yi aiki, zai yi tafiya in Allah ya so, amma sai bayan watanni.

"Likita, yana da gwaji nan da kwana goma sha biyu," in ji Filaya. "Gudu da hawa tsani."

Likitan ya cire tabarau ya dube shi. "Wane tsani? Ka yi addu'a ya iya hawa matakalar gida tukuna."

Da Umma ta iso, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin gadon ta ɗora hannu a goshin Auta. Filaya ya durƙusa a gabanta yana neman abin faɗa. Ta dube shi sau ɗaya.

"Ka ce kana tsaye a wurin."

"Ina tsaye, Umma."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma har yau wannan "to" ɗin bai bar kunnensa ba.

Bayan an yi aikin, wata safiya suna su biyu a ɗakin, Filaya ya kasa daurewa. Yana so a ce akwai wani abu, ko ƙanƙane, da zai rage masa nauyin.

"Auta, don Allah faɗa min gaskiya. Ba ka ji komai ba kafin ta tsinke? Ko ɗan ja haka?"

Auta na kallon silin. "Ban ji komai ba, Yaya. Na so in buga, don na ga idon mutumin, na san ba wasa yake ba. Amma na duba jikina babu zafi." Ya juyo ya dube shi. "Muryarka kawai na ji."

Babu zargi a yadda ya faɗe ta. Da da zargi, da ta fi sauƙin ɗauka.

Ranar gwajin ta zo ta wuce Auta na kwance. Abokinsa da suka cike takarda tare ya ci, ya zo duba shi da sabon aski, ya rasa inda zai sa idonsa.

Da aka sallamo su, Filaya ya lura Auta ba ya yarda ya zauna ta inda zai hangi tsanin. Washegari ya zo da injin yankan ƙarfe ya sauke shi. Da bututun tsanin ya haɗa wasu dogayen ƙarafa biyu a tsakar gida, daidai ƙugu, waɗanda Auta zai riƙa dafawa yana koyon taku. Umma ta koma zama a ƙofar kicin tana ƙirgawa. Yanzu ba ta ƙara masa ko ɗaya, in ya kai takwas sai ta ce ya isa haka.

Wata biyu Filaya bai hau benen ba. Ranar da ya koma, Asabar ce da safe.

Ɗaliban Direba suka daina abin da suke yi da suka gan shi a bakin ƙofa. Ya kwance baƙar ɗamarar, ya tuɓe farar rigar, ya ninke su ya ajiye a kan benci. Ya wuce can ƙarshen layi inda sababbi ke tsayawa, kusa da wani mai gyaran waya da ya fara zuwa makon jiya.

"Malam," ya ce da Direba, kuma wannan ne karo na farko da ya kira shi haka ba da gatse ba. "Kamun nan nake so ka yi min. Ina so in ji abin da ya ji."

Direba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zauna a kan katifa ya ce ya miƙo ƙafar. Ya naɗe ta, ya cusa yatsun a hammata, ya saƙalo diddigen. Ya ɗan juya kafaɗarsa kaɗan, ya tsaya.

"Me ka ji?"

"Ban ji komai ba. Ci gaba."

"Babu gaba. Nan ne ƙarshen. In na ƙara faɗin yatsa biyu, sai a bas za a fitar da kai."

Filaya ya kwanta shiru yana sauraron jikinsa, jikin da ya yi shekara goma sha shida yana cewa ba ya ƙarya. Babu zogi, babu ja, babu komai. Lafiya lau yake jin ƙafar. A daidai nan ne, ranar gasar, Auta ya ɗaga hannu ya waiwayo yana neman fuskarsa.

Ya ɗaga nasa hannun mai karkatattun yatsu ya buga a cinyar Direba. Direba ya saki tun a bugun farko. Amma Filaya bai daina ba. Ya koma buga katifar, yana bugawa, hawaye na gangara masa cikin kunne, har sai da Direba ya riƙe hannun.

Auta yana tafiya yanzu. Yana taya yayansa a shago, a zaune, yana goge ƙarfe. Matakala ɗaya bayan ɗaya yake hawa. Ba ya maganar abin da ya faru, suna hira suna dariya kamar da. Sai dai duk ranar da motar kwana-kwana ta wuce ta bakin titi da jiniya, yakan ajiye abin da ke hannunsa ya bi ta da ido har ta ɓace. Shi kuma Filaya sai ya sauke gilashin walda a fuskarsa, ko da babu abin da yake haɗawa.

Darasi: Ƙwarewarka a abu ɗaya ba ta sa ka san maƙwabcinsa, ko da sun yi kama. In wanda ya san hanyar ya ce maka akwai haɗari, ka saurara, ko da kana ganin ka fi shi. Kuma ka ji tsoron Allah a kan wanda ya yarda da maganarka fiye da idonsa, domin sau da yawa girman kanka ba kai zai karya ba, shi zai karya. Ka tura wannan labari ga duk wani malami, ko yaya, ko uba da ka sani, wataƙila akwai wanda ya ɗaga hannu yanzu haka yana jiran abin da zai ce.